Lesin Zama Janar

Bang Du-sik ya shekara ashirin da ɗaya a wani kamfanin ƙera injin firji a birnin Changwon, tara daga ciki yana mataimakin shugaban sashe. Sau uku ana ɗauko na ƙasa da shi a ɗora masa a kai. Yanzu shekarunsa arba'in da tara, kuma kowa ya san al'adar gidan: wanda ya cika hamsin bai riƙe sashe ba, sai a ba shi shayi, a miƙa masa takardar da suke kira ritayar girmamawa. Ga shi bana 'yarsa Sora ta shiga jami'a, don haka tsoro ya hana shi sakat.

Sai ga sanarwa, wai ba mai samun ƙarin girma sai ya yi gwajin hali, wannan da ke raba mutane gida goma sha shida. An ce don ma'aikaci ya san kansa ne. Mutum da furfurarsa, ya kwana ya tashi da kansa shekara kusan hamsin, wai kwamfuta ce za ta gabatar da shi ga kansa cikin minti ashirin.

Ya fara gwadawa a waya a gida. Ya fito Mai Lallashi: mai kunya, mai gudun rigima, mai tuna ranar haihuwar kowa. Matarsa Mi-ran ta leƙo ta karanta, ta kwashe da dariya.

"Baban Sora, ai wannan abin ya fi uwarka saninka."

"Ba abin dariya ba ne. A ofis ana cewa Janar suke nema, mai tsawa, mai yanke magana."

"Kai ɗin? Kai da in an kawo maka miyar da ba ka ce ba, sai ka shanye ka yi godiya?"

To mutumin ƙasar su Du-sik in ya ji an ce jarrabawa, magani ɗaya ya sani, lesin. Da lesin ya shiga sakandare, da lesin ya shiga jami'a, da shi ya samu aikin. Bai sha wahalar nema ba ya samu wata Malama Chu a hawa na biyar, saman shagon tabarau, tana koya wa manya yadda za su fito da halin da suke so. Duk Asabar da safe yana can da littafinsa da biro kala uku.

"Abokin aiki ya zo yana kuka," in ji Malama Chu. "Ka ba shi haƙuri, ko ka nuna masa kuskurensa?"

"Zan fara samo masa ruwa tukuna..."

"Manaja Bang, Janar ba ya ɗebo wa kowa ruwa. Sake."

Mako shida yana haddar tambaya ɗari uku a cikin bas. Kana son taro? Ƙwarai. Kana damuwa in an ji haushinka? Ko kaɗan.

Ba wanda ya gaya wa a ofis. Mutum ɗaya ne wannan ɓoyo ya tsaya masa a rai a kansa, wato Yeom Sang-gil. Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, kuma tun ranar tebur ɗaya suke cin abincin rana. Ana gobe gwaji, Sang-gil yana tsintar wake daga shinkafarsa ya ce, "Ni fa gaskiyata zan faɗa musu. Ba sun ce babu amsar daidai, babu ta kuskure ba?"

Du-sik ya so ya gaya masa zancen lesin, ya fasa. Kunya ce, a ji ya je makaranta koyon halinsa. Kuma, a faɗi gaskiya, kujerar shugaban sashe guda ɗaya ce. Ya sunkuya ya ci gaba da shan miyar kimchi, kabejinsu mai tsami.

Bayan kwana goma Darakta Ok ya kira shi. Har tasowa ya yi ya tarbe shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Casa'in da takwas cikin ɗari! Ban taɓa ganin Janar irinka ba. Ashe muna zaune da kai ba mu sani ba. Daga yau sashen naka ne."

Du-sik ya rusuna har goshinsa ya kusa taɓa tebur. Daɗi ya kama shi.

"Ga aikinka na farko." Darakta ya turo masa fayil. "Za mu rage mutum bakwai. Na kasa samun wanda zai gaya musu ido da ido, kowa sai noƙewa. Shi ya sa muka kawo gwajin, mu nemo wanda zuciyarsa ba ta rawa. Su ma da shi muka zaɓo su. Masu Lallashi ne duka, mutanen kirki, amma kamfani ba gidan reno ba ne."

Sunan farko a jerin shi ne Yeom Sang-gil.

Da ƙarfe biyu na rana shi da Sang-gil suka zauna a ɗakin taro mai bangon gilashi. Darakta yana tsaye a waje, hannuwa a baya, yana kallon sabon shugaban sashensa. Du-sik ya miƙa takardar ritayar girmamawa da hannu biyu. Ya haddace amsa ɗari uku, amma babu ta wannan zama a cikinsu.

Sang-gil ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau ya goge da gefen rigarsa.

"Gwajin bai yi mini ƙarya ba, Mai Lallashi ni ne sak. Kai ne dai ka ba ni mamaki, Du-sik. Ni duk zaton nan halinmu ɗaya."

"Sang-gil, ni fa..."

"Bari, Shugaba Bang." Ya lalubi aljihunsa, ya fito da hatiminsa na sa hannu, ya buga a ƙasan takardar. "Na ma ji daɗi da kai suka turo. Da wani mai taushin zuciya ne, da yanzu ni ke ba shi haƙuri. Kai kuwa na san ba zai dame ka ba."