Ƙwan da Ya Ƙi Nutsewa

Tun da maigidana ya yi ritaya, babu abin da ke kwana inda na ajiye shi. Mutumin kirki ne, wallahi, sai dai hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ni kuwa kaji nake kiwo a bayan gida.

Ranar da abin ya faru, mai gidan burodin bakin titi ce za ta zo ganin ƙwaina. Na daɗe ina zaryar wajenta. In ta yarda, duk abin da kajina suka saka nata ne, na huta da neman masu saye. In ta ƙi, unguwa duka sai ta ji, don bakinta ba ya riƙe magana. Kuma ba ta sayen ƙwai sai ta gwada shi a ruwa. Sabon ƙwai cike yake tam, nutsewa yake ya kwanta a ƙasa. Wanda ya daɗe kuwa ruwan cikinsa ya ragu, iska ta shiga, sai ya taso.

Na cika roba da ruwa a tsakar gida, na shiga sauya zane. Da na fito, ga maigida a gefen robar yana goge hannu yana murmushi. Ya kamata in tambaya, ban tambaya ba.

Matar ta zo, muka gaisa, ta saka ƙwan farko. Ya taso. Ta saka wani, ya bi ɗan'uwansa. Kafin ka ce me, saman ruwan ya cika da ƙwai suna ta lilo.

"Baiwar Allah," in ji ta, "waɗannan na bara ne?"

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na ruga ɗakin kaji, na ɗaga wata kaza tana ihu, na ɗauko ƙwan da ɗuminsa na danƙa mata.

"Taɓa ki ji! Yanzu ta saka shi."

Ta saka shi a ruwa. Ya taso.

"Ƙila kazar ce ta tsufa," in ji maigida a hankali.

Na doki ruwan don takaici, ya fantsamo mini a baki. Gishiri! Har harshena ya ƙanƙance.

"Malam, me ka zuba a nan?"

"Ɗan gishiri ne, don ya kashe ƙwayoyin cuta. Baƙuwa fa za ta sa hannu."

Ledar gishirin na leƙowa daga aljihunsa, babu ko ƙwaya a ciki. Ruwan da ya sha gishiri haka ai ya fi ƙwai nauyi, komai sabuntarsa ba zai nutse ba.

Na zubar, na ɗebo sabon ruwa. Ƙwai suka kwanta a ƙasa lamo. Matar ta yi dariya har ta zauna a bakin rijiya.

"Daga gobe ki fara kawowa," in ji ta, tana share hawaye. "Amma labarin nan kam sai na bayar."

Tana fita na juya, baki cike da faɗa. Na same shi a tsugune yana ɗauraye robar.

"Na ga kowa da aikinsa a gidan nan ne," ya ce, bai ɗago ba. "Har kaji."

Tausayinsa ya kama ni, na fasa faɗan.

Yanzu shi ke kai ƙwai gidan burodi kowace safiya, har da guga yake wa rigarsa. Gishiri kuwa yana cikin akwatina, na sa masa kwaɗo.