Fiya-fiya a Ɗakin Yahuza

Ranar Talata ce cikin Agusta, an kwana ana yayyafi, gari ya waye bai ɗauke ba. A cikin yayyafin aka kai Malam Ɗanmusa makwancinsa, aka dawo unguwar Takur da laka a ƙafafu, aka shimfiɗa tabarmi a rumfar ƙofar gida. Yahuza, babban ɗansa, aka zaunar a tsakiya.

Bai yi kuka ba. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri, sai ya ce da godiya, ya shafa, ya jira na gaba. Abin da kawai ke yawo a kansa shi ne tun jiya bai jefa wa jatan landensa ganyen zogale ba.

Akwatin gilashin da suke ciki wani ma'aikaci ne ya ba shi, lokacin da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ya taya shi sauke kayan da ya kwaso daga Kano. Gefe ɗaya a tsage yake, Yahuza ya liƙe. Ya zuba yashi da kainuwa da 'yan katantanwa da ruwan sama, ya je fadamar Taura ya kamo su da guntun gidan sauro. Ƙanana ne, ba su kai gaɓar yatsa ba, ana hango cikinsu kamar ruwa. Na farko sun mutu, na biyu ma haka. Waɗannan ne suka zauna, har wasu suka ɗauki ƙwai kore-kore a ƙarƙashin ciki. Ya bar makaranta, ya bar walda, ya bar acaɓa, amma su bai bar su ba.

Bayan la'asar Baffa Jaji, ƙanen mamacin, ya iso daga Aujara da dattawa biyu. Za su kwana har sadakar uku, kuma ɗakin samari ake ba baƙi. Baffa ya shiga ya ajiye jaka, ya fito yana girgiza kai.

"Kai Yahuza, mene ne wancan a kwalba? Kayan miya kake kiwo?"

"Jatan lande ne, Baffa."

"Mutane na kiwon tumaki, ɗan yayana na kiwon ƙwari. Da Sallah wanne za ka yanka?"

Dattawan suka ɗan murmusa, irin murmushin gidan makoki. Baffa ya leƙa zaure ya ɗaga murya.

"Safina! Ɗakin yayanki sauro ya fi iska yawa. A yayyafa fiya-fiya yanzu, a rufe ƙofa da taga kafin magariba."

Yahuza ya san abin da maganin nan yake yi. Ko igiyar sauro ba ya kunnawa a ɗakin, da gidan sauro yake kwana. Akwatin kuwa cike yake, sai mutum biyu sun kama. Ya yunƙura zai tashi. Daidai nan wata mota ta tsaya, abokan aikin mahaifinsa suka fito a jere. Baffa ya ɗora hannu a gwiwarsa.

"Ina za ka? Zauna. Kai ne babba yanzu."

Yahuza ya dubi baƙin da ke tahowa. Uba yana kabari tun safe, ɗa ya bar masu ta'aziyya ya tafi ɗaukar ƙwari? Sai ya zauna. Aka ce Fatiha, ya ɗaga hannu. Suna tashi wasu suka zo daga Jahun. Yana cikin shafa addu'a warin ya biyo iska daga zaure, mai kama da kananzir. Ya ce amin. Aka ce ya haƙuri, ya ce da godiya.

A shagon maƙwabci ya kwana. Da hantsi dattawan suka fito tabarma, Baffa yana miƙa.

"Barci muka yi kamar jarirai, ko sauro ɗaya. Allah ya yi muku albarka."

"Amin, Baffa."

Yahuza ya ce zai canja riga. Safina ta tare shi a zaure, idonta a kumbure.

"Yaya, wallahi na rufe akwatin da zanena. Har biyu na sa."

"Na sani."

"Ko sun..."

"Je ki, Dada na kira," ya ce, yana nufin mahaifiyarsu.

Ɗakin har yanzu yana wari. Ya yaye zannuwan. Ruwan garau yake, kainuwa tana nan shar. Su kuma suna kwance a kan yashi, a gicciye, sun yi ja kamar an tafasa su. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ya tsaya yana jiran wani abu ya motsa, a ruwan ko a ƙirjinsa. Daga waje ya ji an sake cewa Fatiha, Baffa yana tambayar ina yaron nan ya shiga.

Ya ɗauko cokali da murfin kwano, ya dinga tsamo su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa. Manya talatin da bakwai, biyar daga ciki da ƙwai. Ƙanana goma sha ɗaya. Katantanwa biyu.