Dokin Bushra

Har yau idan na tuna da Ubaidullah ƙanena da injinsa na goge katako, sai in ji zuciyata tana tafasa.

Bushra tsohon jirgin ruwa ne. A da shi ke kwaso alhazai da tumaki da buhunan riɗi daga Sawakin zuwa Jidda da Yanbu, kuma a cikinsa rabin tsofaffin unguwarmu ta Harra ta Yamma suka ƙetaro. Wanda ya rasu a hanya, a teku ake sa shi. Sai danginsa su zaro wuƙa su sassaƙa sunansa a dokin jirgin, wato shingen katakon da ya kewaye bayansa. Goggo Tasallah, yayar babanmu, sunan jaririnta Abdou yana nan a layi na uku. Ba ta sake haihuwa ba. Duk shekara sai an kai ta Yanbu, inda jirgin ke ɗaure yana tsatsa, ta shafa wurin, don idonta ya daɗe da mutuwa.

A 1998 aka ce za a yanka Bushra a sayar da ƙarfen. Ni Khalida, uwar iyayi, na bi gida-gida daga unguwar Al-Sih har gonakin Al-Awali ina tara sa hannun mutane don a hana. Wata bakwai ina fama, har wani attajiri ya sayi jirgin zai mai da shi gidan tarihi. Ni ce kuma, da bakina, na roƙa a ba Ubaidullah aikin gyaran katako, wai ɗan gida ya fi sanin darajar abu.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya shigo da hotuna yana washe baki. Na duba na farko, na duba na biyu. Dokin yana ƙyalli kamar sabon faranti.

"Ina sunayen?"

"Waɗanne sunaye? Waɗannan zane-zanen wuƙa? Khalas, Yaya, mun goge. Mudir, shugaban aikin, ya ce a mai da shi yadda ya fito daga masana'anta."

"Sau nawa ka kai Goggo wurin nan?"

"Ni a mota nake jira," in ji shi. Ko kunya bai ji ba.

Na ce masa abin da ban taɓa ce wa ɗan uwa ba. Ya koma Larabci, kamar yadda yake yi duk lokacin da ba shi da gaskiya, yana ta bayanin cewa katakon ya fara ruɓewa, ba don shi ba da jirgin ya nutse. Wataƙila ma haka ne. Ban damu ba.

Ashe Goggo tana bakin ƙofar ɗakinta, riƙe da bango.

"Ubaidu, da kuka goge, ai gari ya zuba ko?"

"E, Goggo."

"Ina kuka kai shi?"

Ya dube ni, na ƙi taimakonsa.

"Ma'aikata sun share shi cikin teku."

Goggo ta ce, "Khalida, bana kada a wahalar da kowa da mota." Ta lallaɓa ta koma ciki, ta ja ƙofa.

An aiko mini da katin gayyata na buɗe jirgin, sunana a sama da ruwan zinariya, wai wadda ta ceci Bushra.