Ganga Ta Uku

"Tsaya! Kai, tsaya! Kujera kake rufewa ko ganga?"

Mai Kushin ya ɗaga burushin gam ya bar shi yana ɗiga a kan jarida. Daga cikin ɗaki, ta ƙofar da aka tokare da bokiti, Makaɗi na kishingiɗe a kan filo uku yana hararar sa. Muryar ta shige, sai ka kasa kunne kafin ka ji, amma masifar tana nan daram.

"Na ce maka gam a gaɓa kaɗai, faɗin yatsa biyu. In ka shafe jikinta duka ka shaƙe ta, kuma wanda zai ɓare bayanka sai ya tsine maka."

"Shekara talatin haka nake aikina."

"Shi ya sa kujerunka ba sa magana."

Mai Kushin ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya goge gam ɗin da tsumma. Bayansa ya ƙage. Yau kwana huɗu ke nan da ya rufe shagonsa ya tare a barandar maƙwabcinsa, don likita ya hana a shiga da warin gam inda mara lafiyan yake. Kuma wai duk saboda mutumin da ya hana shi barcin rana shekara ashirin da biyu!

Sana'ar Makaɗi ita ce sabunta ganguna masu araha, irin jerin nan na zamani da ake zama a buga da hannu da ƙafa. Rufinsu na asali ya fi gangar tsada, saboda haka shi da ledar tebur yake rufewa, ko takardar bango, ko ragowar ledar kujera da yake tsinta a bayan shagon Mai Kushin ba ko sallama. Duk wadda ya gama sai ya gwada ta. Mai Kushin ya daki bangon da ya raba su da takalmi har ya gaji ya bari.

Wannan jerin kuwa na Makaɗi ne na kansa, ganguna biyar. A kansu 'yarsa tilo ta koyi kiɗa, yanzu tana koyar da yara a wani gari mai nisa, kowa Malama yake ce mata. Ya yi mata alkawarin zai sabunta mata su da hannunsa, da wata ledar tebur shuɗiya mai ɗigon fari. A waya kullum cewa yake tari ne kawai, ga shi nan ma yana kan aiki. Ranar Asabar za ta zo.

Biyun farko da Makaɗi ya rufe da hannunsa sun fito tsaf, ba ka ganin inda leda ta haɗu, don yana ɓoye gaɓar a ƙarƙashin ƙarfen ɗauri. Ta ukun ce ta karkace. Ledar ta tattare a gefe, gam ya fito ya bushe baƙi. Daga ita bai sake riƙe reza ba. Ta huɗu, babbar ta ƙafa, ita ce Mai Kushin yake fama da ita, har shekaranjiya ya naɗe ledar a bakinta kamar hannun kujera, fata ta ƙi zama, Makaɗi ya yi dariya har sai da matarsa ta zo ta riƙa buga masa baya.

Da Mai Kushin ya gama manna gaɓar, Makaɗi ya yafito shi da yatsa. Ya wanke hannu ya shiga.

"Maƙwabci, ta ukun nan. Ɓare ta ka sake."

"Ledar da ta rage ta guda ɗaya ce. Jiya na zaga kasuwa kaf, har ƙafata ta kumbura. Mai ledar ya ce an daina kawo irinta. Ko dai ta biyar ko ta uku."

"Ta uku. Ta biyar a ce ban kai gare ta ba."

Matarsa, wadda ke zaune a bakin gado tana ninke tawul, ta ce, "Haba, Malam. Ai ko kai ta gani ta san komai."

"Ni sai a ce makon nan ne abin ya taso." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Amma wata uku ke nan da na ce mata na gama ta uku. In ta ga aikin nan, ta san tun lokacin nake mata ƙarya. Ta san hannuna fiye da ke."

Fankar sama tana ta ƙugi ba iska.

"Ka ji ko?"

"Na ji," in ji Mai Kushin. "Gobe zan sake ta."

Washegari Juma'a da hantsi ya zauna a baranda, ya kwance ƙarafan ta ukun ya zuba notunan a murfin gwangwani. Makaɗi bai yi masifa ba ranar, abin da ya dame shi ke nan. Sau biyu ya yi ƙarar guduma da gangan ko za a ce masa ya yi a hankali. Shiru.

Ya sa bakin reza a ƙarƙashin gaɓar ke nan, sai matar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta riƙe da kofin ruwan da ba a sha ba.

"Maƙwabci, zo ka duba min shi."

Ya shiga, ya duba, ya rufe masa ido. Ya ja zane ya rufe ƙafafun da suka fito. Daga nan sai gida ya cika, aka yi ta shiga da fita, shi ne neman mota, shi ne kiran dangi, shi ne ɗauko kujeru daga shagonsa. Aka yi wa Malama waya, amma motar garinsu sai da safe. Kafin rana ta faɗi an kai shi an dawo.

Da sassafe ya koma barandar, jikinsa kamar an yi masa duka. Rezar tana inda ya bar ta, maƙale a gaɓar. Ya ɗauki gangar ya juya ta wajen haske. Sai a lokacin ya lura sau uku aka ɗora ledar ana ɗagawa, ga layukan nan a jere. A cikin busasshen gam ɗin kuma ga shatin babban yatsa, ɗaya, biyu, har biyar, inda mutumin ya yi ta dannawa da hannun da ya ƙi jin maganarsa.

Ya daɗe yana kallo. Ya yi alkawari, kuma wanda ya yi wa ba ya nan balle ya roƙe shi ya sauya. Amma hannunsa ya ƙi. Ya zare rezar a hankali.

"Ka yafe ni, Makaɗi," ya ce. "Ka san dama ba na jin maganarka."

Ya mayar da ƙarafan, ya jawo ta biyar, ya auna ragowar ledar ya yanka. Gam a gaɓa kaɗai.

Da azahar Malama ta iso. Ta daɗe a ɗaki wajen mahaifiyarta. Da ta fito, idanunta sun kumbura, ta gaishe shi ta ce, "Kawu, an ce kai ka tsaya a kan komai. Allah ya saka." Sai ta ga gangunan a jere jikin bango, shuɗaye, biyar cif.

Ta durƙusa. Ta shafa ta farko, ta shafa ta biyu. Ta tsallake zuwa babbar da ta ƙarshe, ta ɗan dube shi, ya sunkuyar da kai. Sannan ta dawo kan ta uku. Yatsanta ya bi gaɓar daga sama har ƙasa, ya tsaya inda ledar ta tattare.

"Wannan ce ya ce min ya gama wata uku da suka wuce."

"Ita ce."

"Kuma kullum in na kira sai ya ce tari ne."

Mai Kushin ya shiga tattara notunan da babu inda za a ɗaura su.

Ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango, ta ɗora gangar a cinyarta. Cikin gida ana ta karɓar gaisuwa. Ta ɗora babban yatsanta a kan ɗaya daga cikin shatin nan na gam, nata bai cika shi ba, ta bar shi a wurin.