Madubi a Ɗakin Masu Damuwa

Da aka ce kowace makaranta ta ware ɗaki inda ɗalibai za su riƙa sauke abin da ya dame su, shugaban wannan makaranta bai yi ƙasa a gwiwa ba. Mutum ne mai son a ga aikinsa. Ya sa aka kwashe karyayyun kujerun da ke tsohon sito, aka shafa fenti, aka kafa fanka. Sannan ya sa aka rubuta allo da jan fenti, manyan baƙaƙe waɗanda ko mai ciwon ido zai karanta daga bakin get: ƊAKIN MASU DAMUWA. Makullin kuwa ya danƙa wa malamar labarin ƙasa, wadda yara ke kira Malama Taswira, don ita aka tura kwas a kan lamarin.

Ta dawo daga kwas kanta cike da dabaru: yadda ake jan numfashi a hankali, yadda ake raba karatu gunduwa-gunduwa, yadda ake sauraron yaro ba tare da an tare shi da wa'azi ba. Abu guda ne ba a koya mata ba, wato yadda matashi zai ɗaga ƙafa ya shiga ƙofar da ke ɗauke da wannan rubutu, alhali 'yan ajinsu na gindin bishiya sun zuba masa ido. Nan da nan yara suka raɗa wa ɗakin suna asibitin kuka. Malama ta riƙa wuni a ciki daga ita sai fanka.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne wata yarinya 'yar ajin ƙarshe da ake kira Rediyo. Da can bakinta ba ya hutawa, kuma ita ce ke zuwa ta ɗaya. Yanzu ta yi tsit, ta rame, ta cinye faratanta har sun fara jini. Duk ranar gwaji sai a neme ta a rasa. Ƙawarta ta tsegunta wa Malama cewa Rediyo ta ce ba za ta zauna jarrabawar fita ba, gara a ce ba ta yi ba da a ce ta faɗi. Malama ta sha hango ta ta nufo ɗakin kamar za ta shigo, sai ta waiga gindin bishiya, ta karkata wajen famfo ta yi ta wanke hannun da babu abin da ya taɓa. Wannan abu ya yi wa Malama ciwo ƙwarai. Ta san idan ta aika a kira ta, ta gama tona mata asiri.

Wata safiya sai ga Malama ta sauko daga tasi rungume da wani dogon madubi, wanda ta ciro daga ɗakin kwananta. Ta jingina shi da bango daidai inda mai wucewa zai hango. Ta ajiye mataji, da allura da zare, da man goge takalmi. Sannan ta hau kujera ta ɓalle allon nan da hannunta.

Shugaba ya iso yana huci.

"Malama, kwas aka tura ki ko koyon kitso? Ina allona?"

"Yana bayan ƙofa, Yallaɓai, ko ƙwarzane bai yi ba."

"To idan masu duba makarantu suka zo, me za su gani?"

"Yara za su gani. Yallaɓai, tsakani da Allah, kai da a ƙofar ofishinka aka rubuta haka, za ka shiga?"

Kafin ya fita, idonsa ya faɗa kan madubin, ya tsaya ya gyara wuyan rigarsa.

Duk faɗin makarantar nan babu madubi ko ɗaya, kuma wanda ya san matasa ya san abin da ya biyo baya. 'Yan mata suka fara, sai samarin gindin bishiya, waɗanda suka fi kowa yi wa ɗakin dariya, suka zo duba 'yan gashin bakin da ko kyanwa ba za ta yi alfahari da su ba. Malama ta jawo wata doguwar kabad ta raba ɗakin, ta sa kujeru biyu a bayanta. Yanzu babu mai iya cewa wane ya shiga ɗinke maɓalli ne ko kuwa zuciyarsa ce ta cika.

Kuma ba ta bar madubin ya ci banza ba. Idan suka taru gabansa sai ta ce, "Kai, dubi kafaɗunka, sun kusa taɓa kunnenka. Wa ke binka? Sauke su. Ja numfashi ta hanci, riƙe, sake shi a hankali." Su yi ta dariya, amma suna yi. Haka darasin kwas ya shiga jikinsu ba su sani ba. Malamai suka fara lura cewa kafin a raba takardun gwaji, aji kan yi shiru, a ji yara na sauke numfashi.

Rediyo ce dai ba ta zo ba. Malama ta danne zuciyarta ta jira, ko da yake jiran na cinta.

Sai ranar da za a fara jarrabawar gwaji ta ƙarshe, wadda duk wanda bai zauna ba ba za a sa sunansa a ta fita ba. An kaɗa ƙararrawa, ɗakin ya watse, sai ga Rediyo ta shigo. Ta tsaya gaban madubi tana gyara ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Can hannunta ya tsaya.

"Malama, haka na koma?"

"Zo ki zauna, 'yata."

A bayan kabad maganar ta ɓalle. A gida tuni an daina kiran sunanta, Likita ake ce mata. Mahaifiyarta ta gaya wa duk maƙwabta cewa likita za ta zama. Ƙannenta idan suna wasa sai a ce su yi shiru Likita na karatu. Ita kuwa shafi ɗaya take maimaitawa, babu abin da ke zama. Idan ta ga takardar tambaya sai baƙaƙen su riƙa yawo.

Malama ba ta katse ta ba, ba ta ce mata ta yi haƙuri ba. Sai da kukan ya lafa ta kama hannayenta suka ja numfashi tare.

"Ba ki lalace ba, gajiya kika yi. Mamanki kuma ni zan je mu zauna, wannan kayan ba naki ba ne ke kaɗai. Yanzu tashi mu tafi."

Suka ratsa filin makaranta tare. A bakin zauren jarrabawa Rediyo ta toge.

"Idan na faɗi fa, Malama?"

"Idan kin faɗi, gobe ki zo ki same ni, mu san abin yi. Amma ki shiga ki faɗi a ciki, kada ki kayar da kanki a waje."

Yarinyar ta dube ta, ta share fuska, ta shiga. Malama ta koma jikin taga, ta tsaya tana leƙe. Ta ga an ajiye wa yarinyar takarda, ta ga ta rufe ido ta daɗe a haka, har Malama ta fara cire rai. Sai Rediyo ta ɗauki biro. 'Yan aji biyu na can suna jiran darasi, amma Malama Taswira ba ta bar tagar nan ba sai da ta ga yarinyar ta cika shafi ta juya.