Saƙon Dokta Debora ga Inna Hajara

Shekarar da na fara koyon tiyata a Tawa, ƙungiyar likitoci mata ta haɗa ni da uwar ɗaki, kamar yadda take yi wa kowace ɗaliba da ta fito daga ƙauye. Uwar ɗakina ita ce Dokta Debora, 'yar Dogon Dutsi, mai dariyar da ake ji tun daga ƙofar asibiti. Ba ta son rubutu. Murya take aiko mini a waya: yadda zan ɗaura zare, yadda zan amsa wa malamin da ya ce hannun mace rawa yake yi.

Ta rasu da damina. Wata huɗu ban iya buɗe saƙonninta ba. Ran da na daure na buɗe na ƙarshe, sai na tarar rabinsa ba nawa ba ne, na wata tsohuwa ce a Tebaram, Inna Hajara, wadda maƙoƙo ya fara shaƙe ta. Shekara biyu Dokta tana lallashinta ta zo a cire.

Na tafi Tebaram, na tarar da ita da hantsi a gindin itacen bedi, tana sussukar gero, numfashinta na fita da ƙara kamar ana jan guga. Bayan mun gaisa na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ɗiyata, ke mi kika sani?" in ji ta. "Jiya-jiya aka yaye ki. Wuyan ga ba mai taɓa shi sai Debora, haka munka yi da ita."

Ban faɗa mata Dokta ta mutu ba. Na san in na faɗa ba za ta shiga mota ba, kuma wuyan nan ba zai bar ta ta ga wata damina ba. Sai na ciro waya.

"Ga ta, Inna, ki ji da kunnenki."

Na danna. Muryar ta fito da ranta, har da ƙarar kofin shayi da take ajiyewa.

"Inna Hajara, ƙawata mai taurin kai!"

Tsohuwa ta yar da taɓarya, ta kama wayar da hannu biyu. "Debora! Ina kwana? Ina gajiya? Ina yaranki?"

Muryar ba ta tsaya ba. Ta bi ta kan gaisuwar ta wuce, tana cewa Inna ta biyo Haula, wato ni, ta daina gardama, ta zo da zanenta mai kyau don likitocin Tawa 'yan gulma ne. Ta yi dariyar nan tata, saƙo ya ƙare.

Inna Hajara ta sauke ido kan wayar.

"Shekara biyu," ta ce a hankali, "ba ta taɓa tsallake gaisuwata ba. Har akuyata sai ta tambaya." Ta ɗago ido. "Yaushe ne?"

"Da damina, Inna."

Na durƙusa ina kuka kamar ni aka yaudara. Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba. Ta sa na sake kunna saƙon, wannan karon ba ta yi gaisuwa ba, ta saurara har dariyar ta ƙare.

"Ke za ki yanka ni?"

"A'a, ban kai ba tukuna. Ƙungiyarmu ta turo wata babbar likita daga Yamai. Ni zan tsaya kusa da ita, in riƙe abin da ta ce in riƙe."

"Kin yi mini ƙarya sau ɗaya da safen ga."

"Na yi."

"In zan mutu a kan gadon, za ki faɗa mini tun kafin su sa ni barci?"

"Abin da na sani duka zan faɗa miki."

Ta dafa turmi ta miƙe da ƙyar, ta ƙwala wa surukarta kira ta zo ta ƙarasa sussukar. Sannan ta tambaye ni ko motar Tawa tana tsayawa a hanya, don ita ba ta sallar azahar a zaune.