Hannun Malam Iliya

Alhaji Bukari bai taɓa durƙusa wa Malam Iliya ba. Duk Hausawan unguwar Darrasa sun san haka. Tare suka zo Alƙahira daga Nijar suna samari, ɗaki ɗaya suka kwana, kwano ɗaya suka ci. Iliya ya zauna ya yi karatu har ya zama malami. Bukari ya gwada, nahawu ya kayar da shi, ya tattara littattafansa ya ba Iliya, ya buɗe shagon turare da tazbaha a wani lungu bayan babban masallaci.

Bukari Babarbare ne, Iliya Bafulatani, saboda haka akwai wasa tsakaninsu. Ɗalibai su zube ƙasa suna gaida Malam, shi kuwa Bukari ya shigo a tsaye, hula a karkace, ya ce, "Bawana, ka tashi lafiya?"

Malam ya ce, "Ga mai tsage a fuska ya zo shan shayin ubangidansa. A ba shi na ƙasan buta."

Haka suka tsufa.

Abu guda Bukari ya ba shi da hannu biyu, ɗansa Abdulbasit. Tun yaron bai iya ɗaura wando ba ya kai shi. Malam Iliya ne ya nuna masa baƙi da wasali, shi ya ja shi har ya sauke Alƙur'ani. Daga nan yaro ya shiga makarantar Masarawa, ya wuce jami'a, aka ba shi gurbin karatu a Indiya. Ya daɗe can. Ya dawo ana ce masa Dakta.

Kafin ya dawo, ciwon suga ya cinye idanun Malam. 'Yarsa Mardiya ta ce zaman ya isa haka, za ta mayar da shi Maraɗi ya ƙarasa kwanakinsa cikin dangi. An yanki tikiti, ranar Juma'a jirgi zai tashi.

Malam yana da wata al'ada da ɗalibansa ke kira sallama. Duk wanda zai rabu da shi sai ya zo ya durƙusa, Malam ya ɗora masa hannun dama a ka, ya yi masa addu'a, ya ce na yafe maka, kai ma ka yafe mini, na sallame ka. Wanda bai samu wannan ba, a wurin Malam karatunsa bai rufu ba, ko da ya tara takardun duniya. Ɗalibai sun yi ta zuwa, har daga unguwar Ard al-Liwa mai nisa, kowa ya karɓi tasa. Abdulbasit ya tafi Indiya ba sallama. Ya dawo, makonni sun wuce, bai taka matakalar gidan ba.

Kullum Bukari ya shiga, tambayar Malam ɗaya ce.

"Ina ɗana?"

"Yana fama da jama'a. Ka san Dakta."

"Na san shi tun yana majina. Ka kawo mini shi."

Rannan Bukari ya bugi ƙirji a gaban ɗalibai. "Zan kawo shi kafin jirginka ya tashi. In ban kawo kansa ƙarƙashin hannunka ba, ni ne bawan."

Aka yi dariya. Malam ya ce, "Ku shaida."

Ranar Talata Abdulbasit ya gayyaci uban zuwa wata lacca da zai yi a unguwar Mohandessin. Bukari ya rufe shago da rana tsaka, abin da ba ya yi sai mutuwa. Ya sa babbar rigarsa ta shadda, ya shiga mikrobas ya haye kogi. Ɗakin taron sanyi kamar firji. Aka zaunar da shi a gaba.

Larabcin Bukari na kasuwa ne, amma ya fahimci abin da ɗansa ke faɗi. Magana ce a kan me ake nema da ilimi. Ya ce a wurin Turawa, ilimi shi ne ya sa mutum ya miƙe da ƙafarsa, ya tambayi kowa, ko malaminsa ne, kada ya karɓi magana sai ya auna ta, ya kuma iya aikin da zai amfani gari. Ya ce a wurin Indiyawan zamanin da kuwa, yaro barin gidan ubansa yake yi ya koma gidan malami, ya ɗebo masa ruwa, ya yo masa itace, ya hura masa wuta, shekara da shekaru, don abin da ake so shi ne a kwance shi daga girman kansa, a mayar da shi mutum, sannan karatu ya samu wurin zama a cikinsa.

Bukari ya gyara zama. A ransa ya ce, wannan ai Iliya ne. Wa ya share ɗakin Iliya in ba wannan yaron ba? Wa ya riƙe masa takalmi a ƙofar masallaci? Me aka je nema har Indiya? Ya kasa kunne ya ji an ambaci sunan. Abdulbasit ya kira sunayen mutanen Girka, ya kira na Jamus, ya kira na Indiya masu wuyar faɗa. Ya rufe takarda. Aka tafa.

Sai wani tsohon Ba'indiye mai farin gashi ya taso daga kujerarsa. Shi ne farfesan da ya koyar da Abdulbasit, ya zo Alƙahira don taron. Abdulbasit ya sauko, ya sunkuya har ƙasa cikin kwat ɗinsa, ya taɓa ƙafar tsohon, ya mai da hannun ƙirji. Tsohon ya ɗora masa hannu a ka.

Wata Bamasariya a gefen Bukari ta ce, "Ma sha Allah, ga ladabi. Ɗanka ne, ya Hajji?"

Bukari ya gyaɗa kai. Ranar da yaron nan ya sauka daga jirgi, a tsaye ya ba shi hannu, ya rungume shi kamar abokinsa. Bukari ya haɗiye, ya ce zamani ne. Ashe gwiwar tana lanƙwasuwa.

A bakin titi, motoci na ta oda, Bukari ya tsayar da ɗansa.

"Ashe bayanka lafiya lau."

"Baba, al'adarsu ce. Girmamawa ce kawai."

"Tamu fa? Cuta ce?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Cikin biyun da ka faɗa, na Turawa da na Indiya, wanne ka ɗauko?"

"Ni nazarinsu nake yi, Baba, ba zaɓe ba."

"To ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na ga wanda ka zaɓa wa Ba'indiye, na ga wanda ka zaɓa wa Iliya."

Abdulbasit ya cire tabarau ya goge. Muryarsa ba ta tashi ba. "Farfesa bai taɓa ce mini sunkuya ba. Shi ya sa na sunkuya. Shekaru ina masa gardama, in na yi shiru ya ce ƙaro. Malam kuwa, ka tuna ranar da na tambaye shi me ya sa muke haddace abin da ba mu san ma'anarsa ba? Ya kai ni baranda, ya sa na durƙusa a kan siminti cikin zafin rana har aka kira azahar. Fatar gwiwata ta saɓule. Ka zo ɗaukata, aka gaya maka, ka ce a ƙara."

Bukari ya tuna. Bai ga abin kunya a ciki ba a lokacin, yanzu ma bai shirya gani ba.

"Da bai yi maka haka ba, da ba ka tsaya a gaban mutanen can ba."

"Wataƙila. Amma tun daga ranar ban sake tambayar komai da Hausa ba."

"Makaho ne yanzu. Juma'a zai tafi, ba zai dawo ba. Na yi alkawari a gaban mutane."

"Zan je. Alhamis bayan la'asar. Amma zan gaishe shi kamar yadda mutum ke gaida mutum."

"Tamam, ya yi," in ji Bukari.

Bai ɗauki maganar ƙarshen da nauyi ba. Ya san ɗakin, ya san warin tsofaffin littattafai da na shayi. Ya tabbata da zarar yaron ya shiga ya ga yadda tsohon ya koma, gwiwa za ta tuna da kanta. Don haka da ya je wurin Malam bai faɗi komai ba sai, "Alhamis. Ka wanke hannunka na kiwon shanu, kan Dakta za ka taɓa."

Alhamis suka hau matakala, Bukari na gaba yana haki. Ɗakin ya zama fili. An ɗaure littattafai cikin kwalaye, an naɗe darduma, bango ya nuna inda kantar littattafai ta tsaya shekaru. Malam na zaune a kan katifa, ya sa farar riga sabuwa. Ɗalibai kaɗan na jingine da bango. Mardiya ta leƙo daga kicin, ta ce, "Baba, ga su Yaya Abdulbasit."

"Assalamu alaikum. Malam, ina yini?"

Fuskar tsohon ta buɗe. "Wa alaikumus salam. Muryar ta yi kauri. Matso, ɗana, matso."

Abdulbasit ya matso har bakin katifa, ya tsaya, ya miƙa hannu daga sama. Malam bai gani ba. Ya ɗaga hannunsa na dama, ya shimfiɗa tafin yana kallon ƙasa, daidai inda kan mai durƙuso ke zuwa. Hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ba su haɗu ba.

Hannun Malam ya tsaya cikin iska. Ya ɗan matsa dama, ya ɗan matsa hagu, yana lalube. Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Mardiya ta rufe baki da gefen mayafi.

Bukari ya dubi ɗansa. Ya ga gwiwar wandon ta motsa. Ya jira. Yaron bai sauka ba.

Bukari ya cire hularsa ya ajiye a kan kwali. Ya dafa katifa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara, kowa ya ji. Ya sauka a hankali, ya tura kansa ƙarƙashin hannun.

Tafin ya sauka a kan sanƙo. Ya tsaya. Yatsun suka gangaro goshi, suka bi kunci, suka sami tsagen Barebari, suka bi su ɗaya bayan ɗaya har haɓa. Sannan suka koma saman kai suka zauna.

Da Malam ya fara addu'a, muryarsa ba ta canza ba. Ya roƙa wa Abdulbasit ɗan Bukari albarkar karatu, da tsawon rai, da ɗalibai masu jin magana. Ɗakin ya amsa da amin ƙasa-ƙasa.

"Abdulbasit, na yafe maka." Ya ja numfashi. "Kai ma ka yafe mini. Ranar baranda. Tambayarka mai kyau ce, ni ne ba ni da amsarta a lokacin. Na riƙe maganar nan ina jiran ka zo in faɗa maka ita a kunne."

Bukari ya ji hannun ya ƙara nauyi a kansa. Bai ɗago ba. Ana jin mai sayar da gas yana buga tukunya a titi.

"Na yafe, Malam."

Daga sama muryar ta zo, kusa da fanka. Kowa ya ji daga inda ta fito. Malam bai ɗaga fuska ba.

"Na sallame ka," in ji shi. Ya janye hannu ya sa a cinya.

Bukari ya zauna a kan gwiwoyinsa yana jira. Yanzu ne lokacin. Ga shaidu, ga alkawari, ga Babarbare a ƙasa gaban Bafulatani. Shekarun duniya Iliya ke neman wannan rana. Bukari har ya shirya amsar da zai mayar.

Malam ya ce, "Sannu, Alhaji. Tashi, ƙasan da sanyi."

Bai taɓa ce masa Alhaji ba.

Abdulbasit ya sunkuyo ya kama masa hannu. Bukari ya fizge. Ya dafa kwalin littattafai, ya dafa bango, ya miƙe da kansa. Mardiya ta ce ga shayi ya nuna. Bukari ya ce ya sha.

A matakala ɗan ya biyo shi da sauri.

"Baba, ban san zai faɗi haka ba. Da na sani... Bari in koma yanzu."

"Ka koma ka yi me? An sallame ka."

"Baba."

"Khalas. An gama."

Ya fito lungu. Rana ba ta faɗi ba tukuna, masu shagunan littattafai na zaune a ƙofa. Wani ɗalibi ɗan Kano ya gaishe shi, ya dubi kansa, ya kau da ido da sauri. Sai a nan Bukari ya ji iska a sanƙonsa. Hular na can sama a kan kwali.

Ya tsaya kaɗan. Sannan ya ci gaba da tafiya zuwa shago, kai ba hula, bai waiwaya ba.